Hanyar Fadamar Kaka

Harstad, farkon Mayu

Zuwa ga 'yata Sunniva,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, kuma kina cikin hankalinki. Na biyun ne ya fi damuna.

Wasiƙarki ta iso. Na karanta ta a tsaye, na zauna na sake karantawa, ba abin da ya canza. Kin ajiye aikinki na kamfanin inshora a Oslo, kin mayar wa mai gida makullinsa, kin wuce ta gefen garin nan ba ki tsaya kin ga uwarki ba, kin hau jirgin ruwa kin tare a gidan kakarki a tsibiri, gidan da ko ruwan zafi babu. Wayarki kuma kin ce tana cikin aljihun tebur a kashe. Na bi wasiƙar layi-layi ina neman dalili. Abin da na samu shi ne wai kina son ki riƙa jin ƙarar ruwan sama a kan kwano.

Sunniva, a ƙarƙashin wannan kwanon aka haife ni. Yoyo yake yi.

Ba a barin albashi saboda ruwan sama. Budurwa mai shekara ashirin da huɗu idan ta gudo daga birni, ko dai korarta aka yi, ko ciki gare ta, ko wani namiji ne ke janta. In ba haka ba to ta faɗa hannun mutanen nan masu zama a ƙasa su rufe ido suna numfashi. Ki faɗa mini wanne ne. A kan gaskiya na rene ki, kuma kin san a gidana laifi yana da sauƙi a kan ɓoye shi. Ni da marigayi babanki ba mu yi ta ɗinkin raga da wankin daɓen asibiti don ki koma inda muka fito kina kallon tsuntsaye ba.

Ƙuguna yana nan yadda yake. Likita ya sa aikin tiyatar a watan Oktoba. Ba na faɗa don ki ji tausayina ba ne, na faɗa ne don ki san akwai masu damuwa ta gaske.

Ki duba bututun hayaƙi kafin ki hura wuta. Ki riƙa zuwa coci, mutane suna lura.

Mahaifiyarki,
Borghild

*

Tsibiri, ƙarshen Mayu

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙugun? Ki riƙa shan maganin, na san halinki da ɓoye shi a bayan gwangwanin sukari.

Ba a kore ni ba, ba ni da ciki, ba wanda ke jana, kuma numfashi irin na kowa nake yi. Na sami aiki a gidan tsofaffi, rabin mako, yana isata. Ban tsaya a Harstad ba don na san in na zauna a kicin ɗinki kika dube ni, kafin shayi ya huce na koma Oslo.

A can, Mama, da haƙora a cije nake farkawa. A ofis nakan shiga banɗaki in kulle, ba don komai ba sai don in sami wurin da ba a magana. Ba wanda ya yi mini laifi. Kawai na wayi gari na kasa tuna ranar ƙarshe da na ji daɗin wani abu.

Nan kuwa da safe nakan sauka kan duwatsun bayan rumfar kwalekwale, in tara itacen da teku ta turo, in hura wuta, in dafa kofi a baƙar butar Kaka. Wata agwagwar ruwa ta yi sheƙa a ƙarƙashin matakalar rumfar, dole nake zagayawa ta baya don kada in tashe ta. Kallon raini take yi mini, irin naki sak. Shekaranjiya na kama kifi da hannuna a karon farko, na soya shi a nan bakin ruwa, na ci da yatsu. Rana ta daina faɗuwa kamar yadda take yi a nan arewa duk shekara war haka, amma ina barci kamar jaririya. Ban san yadda zan rubuta ki yarda ba. Daɗi nake ji, shi ke nan.

Ina da roƙo. Multe, ƙananan 'ya'yan itacen nan masu zaƙi, sun fara fure a fadamu. Tun ina ƙarama nake ganin kina fita da bokiti a watan Agusta, ki dawo da shi cike, jawur-jawur kamar zuma, ba wanda ya san inda kika je. Kaka ke kaɗai ta nuna wa fadamarta, ko Inna Oddrun ba ta sani ba. Kin ce za ki nuna mini in na yi hankali. Ke da bakinki kika gaya mini likita ya ce bayan aikin ba za ki ƙara taka fadama ba. To bana ce kawai ta rage mana. Ki faɗa mini hanyar.

'Yarki,
Sunniva

*

Harstad, Yuni

Ƙanwata Oddrun,

Bayan gaisuwa, ya gida, ya kanti, ya mijinki Terje da ciwon bayansa? Na rubuto ne maimakon in kira ki, don idan kika ɗauki waya a kanti har mai jiran canji a bakin ƙofa yana jin abin da ake faɗa. Ki karanta wannan ke kaɗai, ki jefa a murhu.

Yarinyar nan ta aiko mini da labarin agwagwa da kofi. Ta jera su shafi guda, sai a can ƙasa ta fito da abin da ya kawo ta: fadamar Mama take so. Kin ga yadda aka tsara wasiƙar? A fara da abin da zai tausasa zuciya, a rufe da buƙata. Wannan ba dabarar Sunniva ba ce. Yarinyar da in na ce ta raka ni ɗiban multe sai ta ce sauro, yau ita ce ke neman hanya? Akwai wanda ya sa ta.

Na ji gidajen abinci na birni suna sayen multe da tsada, suna ɗora ƙwaya uku a faranti. Na kuma san matasan yanzu, ba su iya ganin abu su bar shi a idonsu, sai sun ɗauki hoto sun nuna wa duniya. Shekara ɗaya ta isa a tattake wurin da uwarmu da uwarta suka tsare tun kafin a kawo lantarki tsibirin.

Abin da nake so ki yi mini shi ne ki sa ido. Wa take gani? Wa ke zuwa gidan? Ki lura da abin da take saye a kanti, da ko ta fara sa kaya masu faɗi. Wayar nan da ta ce ta kashe, ki gano mini ko gaskiya ne. Kada ki ce ni na sa ki.

Allah ya ƙara lafiya.

Yayarki,
Borghild

*

Tsibiri, Yuni

Yaya Borghild,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, Terje yana nan yana nishi kamar tsohuwar ƙofa. Wasiƙarki ban jefa a murhu ba, lokacin zafi ne, wa ke hura murhu? Tana cikin aljihun rigata.

Na yi aikin da kika sa ni. Ta shigo kanti ran Asabar, na dube ta sama da ƙasa na ce, "Ke 'yar nan, wannan cikin na wata nawa ne?" Ta shafa shi ta ce, "Inna, na burodinki ne, kuma tagwaye ne." Ta yi ƙiba kaɗan, Yaya, ta kumatu. Hancinta ya ƙone da rana. Abin da take saye kuwa gari ne, da kofi, da ashana, da man shanu. In masu sabon addini ne suka kama ta to addinin nasu na cin man shanu ne.

Wayar na gani da idona a aljihun tebur, tare da tsofaffin maɓallan Mama. Na danna, ko motsi.

Na bi ta da yamma rannan har bakin duwatsu. Na laɓe a bayan rumfa ina jiran in ga wanda zai zo. Ba wanda ya zo. Zaune take ƙafa a cikin ruwan nan mai sanyin kashe mutum, tana kallon teku, tana murmushi ita kaɗai. Na gaji da tsayuwa na fito. Ta ce, "Inna, tun ɗazu na zuba miki kofi, ya huce." Na zauna na sha. Gaskiya, ban tuna rabona da zama a wurin nan ba, ga shi kullum ina wucewa ta gabansa.

Yanzu ga wanda ba za ki so ji ba. Injin kwalekwalen ya ƙi tashi, wanda ya gyara mata shi ne Jostein Nyheim, ɗan Ragnfrid. Tun daga nan yakan biyo da kifi ko da itace. Yaro ne mai kunya, in ya ga mace sai kunnuwansa su yi ja. Amma dai Nyheim ne. Na san kin tuna kakarsa da ta bi Mama har bakin tafki don ta gano fadamar, tana yi kamar tunkiya ta ɓace mata, alhali a rayuwarta ba ta taɓa mallakar tunkiya ba. Ragnfrid ɗin ma ta tambaye ni jiya, wai ko kina zuwa bana.

Ni dai ba ni da ta cewa a kan fadama, tunda ba a ga na isa a nuna mini ba. Amma yarinyar lafiyarta ƙalau.

Taki,
Oddrun

*

Harstad, farkon Yuli

Zuwa ga 'yata Sunniva,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya. Na ji kin yi kumatu. Ki rage man shanu.

Na yi tunani a kan roƙonki. Ga hanyar. Ki bi titin bayan coci har inda kwalta ta ƙare. Ki haye gadar katako, ki bar tafki a hannun hagunki, ki nufi dutsen nan mai tsaga a tsakiya. A bayansa akwai fadama mai faɗi. Yanzu ba su nuna ba, kuma kin san mai tsinkar ɗanyen multe ɓarawo ne ko da a gonar ubansa yake. Ki je dai ki gano wurin, ki ga yadda suka yi 'ya'ya bana. Ki je ran Lahadi mai zuwa bayan an tashi daga coci.

Ba sai na gaya miki ba a faɗa wa kowa ba.

Na ji kuma ana gyara miki inji. Namiji ba ya kawo itace kyauta. Wanda ke yi miki alheri, ki tambayi kanki me gidansu ya daɗe yana nema a gidanmu. Ba ina cewa ba ki da kyau ba ne. Ina cewa ne ki buɗe ido.

Mahaifiyarki,
Borghild

*

Harstad, rana ɗaya da ta sama

Oddrun,

Gaisuwa. Ki saurare ni da kyau. Na aika wa Sunniva hanya, amma ba ta gaskiya ba ce. Na tura ta fadamar bayan dutse mai tsaga, inda ko akuya ba ta samun abin ci. Na zaɓi wurin ne don gadar katako ana hango ta daga tagar ɗakinki na sama.

Ran Lahadi bayan coci ki ɗauki madubin hangen nesan Terje ki zauna a tagar. Ki ga ko ita kaɗai za ta haye. Kwanakin da ke biye ma ki riƙa leƙawa. In kika ga ɗan Nyheim, ko uwarsa, ko wani baƙo da jaka a baya ya nufi wajen, to mun san inda maganar ta bi, kuma ba mu yi asarar komai ba.

Kada ki ce mini wannan ƙarya ce. Gwaji ne. Ba a miƙa wa mutum abin da ba a iya karɓewa sai an auna shi.

Ki riƙe bakinki, ko sau ɗaya a rayuwarki.

Borghild

*

Tsibiri, tsakiyar Yuli

Mama,

Ina gaishe ki. Na tashi daga mura, shi ya sa na yi jinkiri.

Na je. Daren Asabar na kasa zama wuri ɗaya don murna, na goge takalman robar Kaka, na yi burodi. Na bi titin bayan coci, na haye gada, na bar tafki a hagu. Ina tafe ina cewa a raina nan Kaka ta taka, nan Mama ta taka tana yarinya. Har na tsaya na dafa dutsen mai tsaga kamar mai gaida babba.

Babu komai a bayansa, Mama. Ko ganyen multe ɗaya. Na ce ni ce ban iya duba ba. Na bi fadamar gefe da gefe, na durƙusa ina buɗa ciyawa. Na nutse har gwiwa, laka ta riƙe takalmi ɗaya, na ja na ja ta ƙi saki. Yana can. Ruwa ya sauko. Na dawo ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya da safa, kuma duk tsawon hanyar kaina nake zargi, ina tunanin yadda zan rubuto miki cewa kin ba ni amana na kasa ko gane wurin.

Inna Oddrun ta tare ni a bakin gada da bargo. Na ce ya aka yi ta san ina nan. Ta fara kame-kame, madubin Terje yana rataye a wuyanta. Kin san ta. Kafin mu kai gida ta faɗa mini duka, har wasiƙun ta fito da su daga aljihu.

Ba takalmin ne ya dame ni ba, ba kuma murar ba. Na rubuto miki abu mafi gaskiya da na taɓa faɗa miki, cewa ina jin daɗi, kika karanta kika ga dabara. Na gane a wurinki ya fi sauƙi a ce ciki gare ni ko an yaudare ni, da a ce na zauna a kan dutse na ji sanyi a raina.

Jostein bai san na je ko'ina ba. Bai taɓa yi mini maganar multe ba, ban taɓa yi masa ba.

Abu ɗaya kuma. Da zazzaɓin ya sake ni na koma yawo, ba ta wajen gada ba. Na bi wani tsuntsu mai dogon baki da ke ta yi mini ihu, na ɓata hanya, na faɗo wani ɗan lungu tsakanin duwatsu. Bai fi faɗin kicin ɗinki ba. Cike yake, Mama, 'ya'yan suna nan jajaye da tauri, suna jiran lokacinsu. Na zauna a gefensu har ƙafata ta yi sanyi. Ban taɓa ko ɗaya ba.

Ba zan ƙara roƙonki fadamar Kaka ba. Ki riƙe abinki.

Allah ya ba ki lafiya.

Sunniva

*

Harstad, ƙarshen Yuli

Zuwa ga 'yata Sunniva,

Bayan gaisuwa. Na aiko miki wasiƙa ba amsa, wannan ce ta biyu. Ko gaisuwa aka yi wa mutum a hanya yana amsawa, balle uwa.

Mura ba ta kisa. Da kin sa safar ulu kamar yadda na koya miki da ba ki kwanta ba. Wanda kuma ya ga laka ta yi baƙi tana ƙyalli ya san ba a takawa, wannan ko yaron tsibiri ya sani.

Kina ganin na zalunce ki. Ki bari sai kin riƙe abin da mata uku suka riƙe kafin ke, sannan ki yi mini hukunci. Ni ban san wannan jin daɗin da kike faɗa ba. Mu a kan duwatsun nan kifi muke shanyawa, hannu yana tsagewa. Fadama kuma abinci muke zuwa nema, na Kirsimeti da na baƙi. Ba wanda ya taɓa zama yana murmushi. In na ga abin da ban sani ba dole in tambayi me ke ƙarƙashinsa. Haka aka yi ni, kuma haka na tsare ki har kika girma.

Wannan lungun da kika ce kin samu, ta wane gefe yake? In ta arewa ne, ƙasar mutanen Nyheim ce, kada ki jawo mana magana. In ta kudu ne akwai ramuka. Ki faɗa mini don in san ko wurin kirki ne. Tsuntsun da kika bi ma, a kusa da ruwa yake sheƙa. Wane ruwan?

Na sa a kawo miki sababbin takalma a jirgin Jumma'a. Lamba ɗaya suka fi ƙafarki, saboda safa.

Ki amsa.

Mahaifiyarki,
Borghild

*

Tsibiri, farkon Agusta

Yaya Borghild,

Gaisuwa. Na san kina fushi da ni. Ki yi. Da ke kika ga yarinyar nan tana ɗingishi a kan gada, leɓe ya yi shuɗi, tana ce mini "Inna, na kasa gane wurin, Mama za ta ce ban isa ba," da ke ma bakinki ya buɗe. Ko da yake ke ban sani ba.

Na ci gaba da zama a taga kamar yadda kika ce. Ba wanda ya haye gadar sai fasto da karensa.

Takalma sun iso, tana sawa. Wasiƙunki ma tana karantawa. Na ce ta amsa miki mana, ta ce, "Inna, ba fushi nake ba. Ba ni da abin rubutawa ne wanda za ta yarda da shi."

Bari in ba ki labarin ran Laraba. Kanti cike, jirgi ya kawo kaya. Sunniva tana gaban teburina da garinta, sai ga Ragnfrid Nyheim, Jostein yana bayanta ɗauke da buhun dankali. Kin san muryar da take yi in tana son abu, kamar an zuba zuma a kunne.

"A'a, 'yar Borghild. Kullum ina hango ki kina yawo. Ince dai bana multe sun yi?"

Sunniva ta yi ajiyar zuciya, ta girgiza kai. "Wane multe, Inna Ragnfrid? Sanyin watan Yuni ya ƙone furen. Na zaga ko'ina, ko na sa wa a baki ban gani ba."

"Ko'ina? Har ta ina da ina?"

"Har bayan dutse mai tsaga. Takalmina ma yana can, in kin je ki taho mini da shi."

Kanti ya kwashe da dariya. Ragnfrid ba ta saki ba. "To ai na ga jiya kin dawo da buta a hannu kina riƙe da ita kamar ƙwai."

"Ƙwai ne," in ji ta. "Na tsuntsu. Fasassu. Ina tarawa."

Ko ƙiftawa ba ta yi ba, Yaya. Ni kuwa a daren jiyan nan na ci multe da madara a kicin ɗinta, har na lashe cokali. Fuskar Mama na gani sak, ranar da ta gaya wa fasto cewa maƙabarta za ta da bokiti biyu.

Da suka fita Jostein ya dawo karɓar canji, kunnuwa jajur. Na ce, "Kai, ba ka raka ta yawon ne?" Ya ce ya roƙa sau ɗaya, ta ce ya jira ta a gadar arewa da safe. Ya jira har rana ta take, ashe ta kudu ta bi. Da yamma ta kawo masa burodi ta ce ta manta. Ya ce, "Inna Oddrun, ni ko son multe ba na yi, ƙwayayen suna shiga mini haƙori." Na ce ya je ya gaya wa uwarsa haka.

Ni ma na gwada. Na ce, "Ni fa innarki ce, jini ɗaya." Ta rungume ni ta ce, "Shi ya sa na san ki." Na bi ta a baya ran Alhamis, ta shigar da ni cikin sauro ta ɓace. Ke da kike ta wa'azin gaskiya, ga abin da kika haifa.

Yanzu maganar da ta sa na ɗauki biro. Multe sun fara laushi, kin san ba sa jira. Oktoba kuma tana tafe. Yarinyar ba za ta sake tambaya ba, na ga idonta. Ta sami nata ɗan wurin, ya ishe ta, kuma ranta fari ƙal, da ke da babu ke. Wannan ne ya kamata ya ba ki tsoro. Ni an hana ni, na haƙura tuntuni. Amma in kika shiga ɗakin tiyata da hanyar nan a cikinki, daga ke ta ƙare, kuma ba Nyheim ne suka ƙwace ta ba.

Ki gaida likitanki.

Taki,
Oddrun

*

Harstad, Litinin

Sunniva,

Bayan gaisuwa. Ina zuwa a jirgin Alhamis. Ki tarye ni hannu sake, kada ki zo da bokiti bakin jirgi. Ki gaya wa innarki ciwon ƙugu ya tasar mini, zan kwanta kwana biyu, ba na son masu dubiya.

Hanyar ba a rubuta ta, da ƙafa ake nunawa. Tafiyata ta zama ta tsohuwa, za mu daɗe, kuma akwai rafi biyu da sai kin goya ni. In mun isa za mu zauna. Ina so in ga fuskarki a wurin da idona.

Yaron nan, ko aurensa kika yi, ba a faɗa masa. Babanki ya rasu yana zaton gabas nake zuwa.

Naki wurin kuma, zan tambaye ki a hanya, na san kaina. Kada ki faɗa mini.

Mahaifiyarki,
Borghild